Curin Man Shanu a Ɗakin Ƙurya

Ranar da Malam Aƙilu ya yi sallama a gidan Inna Bara'atu riƙe da tef ɗin awo da gwangwanin jan fenti, ta amsa masa gaisuwa har ƙarshe, ta tambayi iyali da gajiya da zafi, amma idonta bai bar gwangwanin nan ba. Duk unguwarsu a cikin Karaye an san aikinsa. Ɗakin da aka shafa wa shi a ƙofa ya tashi daga ɗakin haya, a yanke masa wayar wuta, mai zama a ciki ya nemi wani wuri.

Abin ya samo asali tun bazarar bara. Taransifomar unguwa ta ƙone sau biyu a wata guda, don kowane ɗakin haya fanka ce ke juyawa ba hutu, wani ɗakin ma biyu, kuma duk da haka mutane na gasuwa kamar masara a kan garwashi. Wuta na tafiya masu hali suka tada injuna, hayaƙi da ƙara suka hana kowa sakat. Dattawa suka gaji, suka taru a ƙofar Mai Unguwa suka ce ba laifin fanka ba ne, laifin ɗakunan ne: bulo da kwano, ba sili, taga ɗaya tak, ita ma kamar don a fita haƙƙi. Aka kafa kwamiti, aka yi doka. Kowane ɗakin haya sai da ƙwan fitila mai ƙarancin cin wuta, da sili, da taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa.

Gaskiya dokar ba ta da laifi. Inda aka samu tangarɗa wajen rubutu ne. Malam Aƙilu, tsohon malamin makaranta da aka naɗa sakataren kwamitin, ya samo wata takarda daga birni ya kwafe ta kaf, har da cewa kowace taga ta kasance ƙafa uku tsawo, ƙafa uku faɗi, a daidai ƙirjin mutum. Shi kuwa mutum ne da in abu ya hau takarda, ko uwarsa ce ta taso daga kabari ba zai rage mata inci ɗaya ba.

Ɗaki huɗu marigayi mijin Inna Bara'atu ya bar mata, ban da nata. Uku suna jere da lungu, su kam ta riga ta fasa musu tagogi ta sa musu silin katako. Malam Aƙilu ya auna su ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya iso ɗakin ƙurya sai ya tsaya, ya dubi bangon baya shafe ba ko huda, ya fara buɗe gwangwani.

"Malam, dakata," in ji ta. "Ka fi kowa sanin bayan bangon nan tsakar gidan Alhaji Ja'afar ne."

"Na sani, Inna. Amma takarda ba ta ce ban da maƙwabcin Alhaji Ja'afar ba."

"To ba ni kwana goma sha huɗu."

Ya mayar da murfin. "Don girmanki, kwana goma sha huɗu. Ran na sha biyar kuwa, ki yi mini afuwa."

Duk wannan a kan kunnen Bahijja aka yi, tana zaune a ƙofar ɗakin tana fifita da murfin roba, ƙafafunta sun kumbura. Ita ce matar Malam Lukumanu, wanda ke koyarwa a wata firamare can wajen Kafin Dafga, suna haya a ɗakin ƙurya shekara guda ke nan. Cikinta na fari ne, ya shiga wata tara. Kowa ya san haihuwar fari gida ake tafiya, uwa ta yi wa 'yarta wanka, ta gasa ta, ta koya mata riƙon jariri. Bahijja ba ta da wannan gidan. Mahaifiyarta ta rasu tun tana 'yar firamare, mahaifinta ya bi bayanta, dangi sun watse.

Inna Bara'atu kuma sau uku tana haihuwa a ƙuruciyarta, ba wanda ya kai yaye. Ba ta taɓa zama ta yi wa kowa ƙorafin wannan ba, amma tun ranar da ta ga Bahijja na tofar da yawu a bayan randa ta fara tara itace. Yanzu gindin katanga cike yake da faskare, ga kanwa a ƙulle, ga gero, ga babbar tukunyar wanka ta sa an liƙe mata gindi. Ba wanda ya sa ta. Ita ce dai ta ƙudura a ranta cewa yarinyar nan a hannunta za ta yi jego, kuma tana sonta son da ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Da yamma Lukumanu ya dawo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana murza makullin babur kafin ya yi magana.

"Inna, na ji abin da aka ce. Na zaga gari, ba ɗaki, don an rufe da yawa. Na kira yayana a Rogo, ya ce in kai ta can wajen matarsa ta haihu, mu zauna gaba ɗaya."

"Matar yayan naka ta taɓa yi wa wata jego?"

"Ita ma dai yarinya ce, Inna. To amma dangi ne."

Wannan kalma ta dangi ta soke ta, don ta san gaskiya ya faɗa. Mai gidan haya ba uwa ba ce, ba ta da ta cewa in miji ya ce a tashi. Amma ta ce, "Kada ka ɗaure ko tabarma tukuna. Kwana goma sha huɗu aka ba ni, kai ma ka ba ni su."

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta zaga ta yi sallama a zauren Alhaji Ja'afar. Dillalin hatsi ne, mutum mai tumbi da saurin fushi, amma ba mugu ba. Suka gaisa, ta yi masa bangajiyar kasuwa, sannan ta kawo maganar taga. Kafin ta rufe baki ya miƙe zaune.

"Taga? A tsakar gidana? Haba baiwar Allah! Nan iyalina suke girki, nan suke kitso, nan suke shanya. Yau malamin makaranta ne a ɗakin, gobe wa ya san wanda za ki sa? In mayar da gidana tasha ke nan kowa ya leƙa?"

"Alhaji, dokar unguwa ce, har da kai aka ɗaga hannu."

"Na ɗaga hannu a kan iska, ban ɗaga a kan matana ba. Wallahi muddin ina da rai, ba idon da zai kalli tsakar gidana ta bangon nan."

Ta fito ba ta ji haushinsa sosai ba, don da ita ce a matsayinsa ita ma abin da za ta faɗa ke nan. Amma ga ta gaba kura baya sayaki: in ta fasa taga ta ɓata da maƙwabci har gaban alƙali, in ba ta fasa ba jan fenti. Da wata macen ce, da ta koma ɗaki ta yi tagumi. Ita ko gida ba ta shiga ba, ta wuce tasha ta hau motar Rogo, daga can ta hau ɗan acaɓa zuwa Ruwan Bago, garin da aka yanke mata cibiya.

Ubansu magini ne, uwarsu kuma Bafulatana mai tallan nono. Yayanta Muntaka shi ya gaji sana'ar ginin ƙasa, sai dai tun da bulo ya shigo aka daina nemansa, ya koma noma da kiwon 'yan shanunsa. Ta iso rana tsaka, gumi ya jiƙe ta sharkaf, ta same shi kishingiɗe a tsohon soron mahaifinsu. Tana sa ƙafa a ciki sai ta ji kamar an yayyafa mata ruwan randa. Ba fanka, ba wuta, ko waya ba ta zo layinsu ba.

"Bara, lafiya da tsakar ranar nan? Ko 'yan birni sun koro ki?"

"Saura kaɗan, Yaya."

Ta kwashe labari ta faɗa masa. Ya saurara yana sosa gemu, da ta zo kan taga ƙafa uku a daidai ƙirji ya tuntsire da dariya har da tari.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama da mace a ɗaki ba. Ɗaga kanki ki duba."

Ta ɗaga. Can sama, dab da rufi, ga wasu ƙananan ƙofofi huɗu, kowacce ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ta girma a gidan nan, amma ba ta taɓa tambayar amfaninsu ba.

"Zafi sama yake hawa, kamar hayaƙi," in ji Muntaka. "In ka buɗe masa hanya a sama ya fita, sanyi ya biyo ta ƙasa. Baba kuma a karkace yake huda su, bakin waje ya fi na ciki tsayi, don haka ko kan doki ka hau, sama kaɗai za ka gani."

A lokacin matar Muntaka ta shigo da fura. Inna Bara'atu ta hangi ƙoƙon man shanu ajiye a kusurwa, curi-curi, kowanne da shatin yatsan da ya dunƙula shi. Ta tuna mahaifiyarsu. Duk bazara, kafin ta zaɓi ɗakin da za ta jera ƙoren nono, sai ta ajiye curi ɗaya a ciki tun safe, ta dawo bayan azahar ta duba. In ya narke ta ce ɗakin ba na nono ba ne, ba kuma na jariri ba. Ta yi murmushi kawai, ba ta kawo komai a ranta ba tukuna.

"Yaya, tashi za ka yi mu tafi."

"Ni da na ajiye cebur shekara goma?"

"Ai ba ka ajiye hannun ba."

Ya yi ta ƙorafin gwiwa da gyaran gona, ita kuwa ta zauna ta ce ba inda za ta sai da shi. Ya san halinta tun tana goye. Kwana biyu bayan nan sai ga shi a Karaye a bayan a-kori-kura, da azara shida da ya ciro daga wani rusasshen soro, da naɗin zana, da buhunan jar ƙasa. Bahijja ta koma ɗakin Inna, Lukumanu ya riƙa kwana a zaure, aka kwashe kayan ɗakin ƙurya.

Kafin a taɓa bango sai da Inna Bara'atu ta sake komawa wajen Alhaji Ja'afar, wannan karon da yayanta. Alhaji ya saurari bayanin karkatacciyar huda yana hura hanci.

"Duk wannan zance ne. Rami dai rami ne."

"To Alhaji, mu yi haka," in ji ta. "A huda ɗaya. Ka shigo da kanka ka hau duk abin da ka ga dama ka leƙa. In ka hangi ko igiyar shanyar gidanka, a gabanka za a toshe, in kuma ba ka haƙuri a gaban Mai Unguwa. Rantsuwarka a kan ido ka yi, ni ma ba ido nake nema wa hanya ba."

Ya rasa ta inda zai ƙi. Aka huda ɗaya. Alhaji ya shigo da babbar rigarsa, ya sa aka kifa turmi, ya tattare riga ya hau, Muntaka na tallafe da shi ta baya kamar mai tura mota. Ya kafa ido ɗaya a ramin, ya juya hagu, ya juya dama, ya yi ɗage har turmin ya fara rawa. Matan gidan haya suka toshe baki da gefen zani.

"Me ka gani, Alhaji?" in ji Inna Bara'atu.

"Leɓen kwano," ya ce cikin haki. "Da ɗan tsagin sama. Sai wata shirwa da ta wuce."

"Shirwar taka ce?"

Ya sauko yana kakkaɓe riga, amma bai tafi nan take ba, don ya ji wata 'yar iska na shafar ƙeyarsa. Ya ce a huda sauran, ya fita yana gunaguni shi kaɗai.

Aiki ya kankama. Muntaka ya ɓamɓare wuraren da zai dasa azara, ya shimfiɗa zana a kansu, ya bi bayanta da siririn yaɓen ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, don zafin kwano ya tsaya can sama. Ya huda ƙofofin iska huɗu a ƙarƙashin silin, ya buɗe wata 'yar kafa a ƙasan bangon gaba, ta wajen inuwar darbejiyar tsakar gida, ya sa mata raga saboda ɓera. Inna Bara'atu da kanta take kwaɓa ƙasa, zani ɗaure a ƙugu, ga ta da shekara sittin ba biyu. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa tsohuwa ta koma zamanin da, ana ci gaba ita tana mayar da ɗaki rumbu. Ta ce musu ai hatsin da ke rumbu bai taɓa kukan zafi ba.

Ran na sha uku ƙasa ta bushe. Ran na sha huɗu da safe Malam Aƙilu ya zo. Ya shiga ɗakin, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya zaro tef ya hau turmin nan ya auna ƙofa ɗaya.

"Inci tara," ya ce. "Inna, wannan ba taga ba ce. Silin ma ba irin wanda aka rubuta ba ne."

"Malam, ka tsaya ka ji ɗakin a jikinka mana."

"Ba jiki aka ce in auna da shi ba. In na ɗaga miki ƙafa, gobe kowa ya huda ramin gafiya ya ce ya cika doka. Shi ke nan mun koma gidan jiya, taransifoma ta sake ƙonewa."

Nan fa ranta ya ɓaci. Kwana da kwanaki tana cuɗa ƙasa har tafin hannunta ya tsage, mutum ya zo da ƙyallen awo ya rushe mata a minti biyu. Ta waiwaya ta ga Bahijja tsaye riƙe da ƙugu, hawaye na bin kumatunta, Lukumanu kuma ya sunkuyar da kai, ta san a ransa ya fara lissafin motar ɗaukar kaya. Ta ce wa Malam Aƙilu, "Kwanana bai cika ba sai gobe. Mu je gaban Mai Unguwa."

Mai Unguwa dattijo ne mai sanyin magana, yana zaune a kan buzu da 'yan kwamiti biyu. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya na zo da ita. Dokar nan, don taga aka yi ta, ko don ɗaki ya yi sanyi fanka ta huta?"

"Don ɗaki ya yi sanyi, Bara'atu."

"To Malam Aƙilu da safe yake zagaye, a bubbuɗe masa tagogi ya auna ya tafi. Ranka ya daɗe, ka bi lungun nan da azahar ka ƙirga tagar da ke buɗe. Wace mace ce za ta kwanta da ɗaurin ƙirji, taga hangame a daidai idon mai wucewa? Rufewa suke yi, su saki labule, su kunna fanka. Ɗakunana uku da ya ce sun ci jarrabawa haka suke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Malam Aƙilu ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, wannan ra'ayi ne. Doka kuwa da ma'auni take tafiya. Da me za mu auna sanyi? Kowa zai ce nasa ɗakin ya fi."

A nan ne ƙoƙon kusurwar soro ya faɗo mata a rai.

"Akwai ma'auni," ta ce. "Na uwata ne, kuma ba ya karɓar cin hanci."

Da ta faɗi ko mene ne, 'yan kwamiti suka yi dariya. Mai Unguwa bai yi ba, don shi ma kakarsa mai nono ce. Ya ce gani ya kori ji, gobe a gwada, amma da sharaɗi: in ma'aunin nata ya ba ta kunya, a ranar za a shafa fenti, kuma ba ƙorafi. Ta ce ta yarda.

Da suka koma gida Muntaka ya ja ta gefe. "Bara, kin yi ganganci. Bangon nan bulo ne, ba ƙasa ba. Na rage masa zafi, amma ban ce ya zama soron Baba ba. Ga shi ranar bana ba ta da mutunci."

"Na sani, Yaya."

"In ya narke fa?"

"In ya narke, to da ma ɗakin bai cancanci jaririn ba, gara su tafi Rogo." Ta faɗi haka ne da ƙarfin hali, amma ko tuwon yamma ba ta iya ci ba.

Washegari da hantsi aka hallara. Ta sayo man shanu sabon kaɗi wajen wata Bafulatana a bakin kasuwa, Malam Aƙilu da kansa ya raba shi biyu daidai, har yana ɗaga su yana gwada nauyi. Mai Unguwa ya danna babban yatsansa a kan kowane curi. Aka sa ɗaya a ƙoƙo a tsakiyar ɗakin ƙurya, ɗaya a ɗakin farko na bakin lungu. Malam Aƙilu ya ce a buɗe tagogin ɗakin farko duka biyu yadda takarda ta nufa. Inna Bara'atu ta so ta yi musu, don ba haka ake zama a cikinsa ba, sai kuma ta ce a buɗe ɗin, kada a ce ta yi wayo. Aka kashe fanka, aka kulle ƙofofi, Mai Unguwa ya jefa makullai a aljihu.

Ranar kuwa rana ta buɗe kamar da gayya. Ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi, kaji sun buɗe baki a gindin randa. Inna Bara'atu ta kasa zama. Ta share tsakar gida sau biyu, ta sake jera itacen da yake a jere, ta wanke tukunyar da take a wanke. Bahijja ta ce, "Inna, ki zauna don Allah, jiri kike sa ni." Ta zauna, bayan minti biyu ta sake miƙewa.

Ana sallame azahar mutane suka biyo Mai Unguwa daga masallaci, har da Alhaji Ja'afar, wanda ya ce wucewa kawai yake yi. Aka fara buɗe ɗakin farko. Zafi ya daki fuskar na gaba har ya ja da baya. Malam Aƙilu ya shiga ya fito da ƙoƙo a hankali, don kada ya zube: mai ne tsagwaronsa, rawaya, yana ƙyalli, ko alamar curi babu.

Sai aka nufi ɗakin ƙurya. Inna Bara'atu ta tsaya jikin bango tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Mai Unguwa ya buɗe, ya shiga da kansa, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya miƙa wa Malam Aƙilu ƙoƙon.

Curin ya yi laushi, ya zauna, gefensa ya fara tsattsafo da mai. Amma yana nan a dunƙule, kuma ga shatin yatsan Mai Unguwa a kansa ɓaro-ɓaro.

Malam Aƙilu ya dubi ƙoƙon dama, ya dubi na hagu. Sannan ya tuɓe takalmi ya shiga ɗakin, ya tsaya a tsakiya, ya cire hula. An ɗauka zai zaro tef, sai aka ga ya zauna a kan daɓe ya miƙe ƙafa.

"Ranka ya daɗe," ya ce daga ciki, "takardar nan tana da gyara. Ni na rubuta ta, ni zan gyara ta." Ya ɗaga kai ya dubi silin. "Malam Muntaka kuma kada ya koma Ruwan Bago bai biya ta gidana ba."

"Layi za ka bi," in ji Alhaji Ja'afar. "Ni na fara hawa turmi."

Aka yi dariya, Inna Bara'atu ba ta yi ba. Ta zaga bayan tarin itacenta ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta mai isarta, ita da ba a ga hawayenta ba ko ranar da aka fita da mijinta.

A satin aka ƙara wa dokar layi biyu: ƙofofin iska na sama sun wadatar in an haɗa su da sili mai kauri, kuma daga yau zagayen dubawa da azahar za a riƙa yi. Bayan kwana tara Bahijja ta haihu, mace, a asibitin gari, aka dawo da ita ɗakin ƙurya. Matar yayan Lukumanu ta zo daga Rogo da niyyar tafiya da mai jego, ta shiga ɗakin ta zauna a bakin gado tana jiran a haɗa kaya, barci ya kwashe ta har la'asar. Da ta farka ta ga tukunya na tafasa, ga kunun kanwa an dama, ta ce wa Lukumanu ita ba ta ga abin da za a je nema a Rogo ba.

Ranar suna da safe maza suka taru a ƙofar gida. Inna Bara'atu na can gindin murhu tana tura itace, ba ta ji abin da liman ya raɗa ba, sai hayaniyar mata da guɗa. Wata ta leƙo ta ce, "Inna, kin yi takwara!" Ta ce madalla, Allah ya raya, ta ci gaba da aikinta. Ta ɗauka kara ce irin wadda akan yi wa mai gida, ta ji daɗi, amma ba ta bar abin ya shige ta ba.

Sai da rana ta take, baƙi suka ɗan lafa, ta ɗauki kwanon kunu ta shiga ɗakin ƙurya. Fanka na rataye a tsaye, ba wanda ya tuna da ita. Jaririyar na barci a kan zani, ba ko ɗigon gumi a goshinta. Bahijja ta sunkuya ta ɗauke ta, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Tashi, Ummi. Tashi ki gaida mai sunanki."

Inna Bara'atu ta tsaya cak da kwano a hannu. Ta san dai ba a ce wa yarinya Ummi sai in sunan mahaifiyar mutum ta ci, sunan da bakin ɗa ba ya iya kamawa.

"Me kika kira ta?"

Bahijja ta sunkuyar da kai. "To Inna, da wane bakin zan faɗi sunan uwata?"

Tsohuwar ta ajiye kwanon a hankali. Ta zauna a bakin gado, ta goge tafukanta masu tsaga a jikin zani, ta miƙa hannu biyu ta karɓi jikarta.